Yadda ake fitar da laka da ɓawo daga tukunyar tururi: jagora ga masu injin shinkafa da ƙananan masana'antu

Duk inda ake turara shinkafa da inji, daga Kura da Bunkure har Haɗejiya da Argungu, za ka tarar da boila a gefe tana cin ɓuntu ko itace tana ba da tururi. Haka abin yake a kamfanonin man gyaɗa da na jima a Sharaɗa, Challawa da Bompai. Mai inji yakan san lafiyar injin casa ciki da bai, da jin ƙararsa kawai ya gane akwai matsala. Ita kuwa tukunya ba a cika waiwayarta ba sai ranar da tururi ya ƙi tashi ko bututu ya fara yoyo, alhali abin da ya kai ta ga haka ya daɗe yana taruwa, kuma da ruwa ya shiga.

Tururi tsabtataccen ruwa ne zalla. Idan ya tashi ya fita, duk abin da ruwan ya zo da shi a cikin tukunya yake zama. A ce kowace lita ta ruwanka tana ɗauke da miligiram 250 na narkakken gishirin ƙasa, boilarka kuma tana ba da tan ɗaya na tururi a awa, tana aikin awa 10 a rana. Lita 10,000 ke nan ta ƙafe, ta bar kilo biyu da rabi na datti a yini guda, kilo 75 a wata. A masana'antar da tururi ke ratsa bututu ya huce ya dawo tanki, wannan lissafi yana raguwa sosai, domin ruwan da ya dawo tatacce ne. A wurin turara shinkafa kuwa tururin yana shiga cikin shanshera kai tsaye, ba ya dawowa, don haka kowace lita da tukunya ta sha sabon ruwa ne da sabon datti. Shi ya sa boilar mai shinkafa ta fi saurin cika.

Muddin dattin nan yana laka, jiƙe, fitar da shi aikin daƙiƙoƙi ne da hannu ɗaya a kan bawul. Da zarar an bar shi ya gasu a jikin ƙarfe, sai guduma ko asid, da tsayar da aiki na kwanaki, da kuɗi. Duk matakan da ke tafe an jera su ne don a cim masa tun yana laka.

Ka san abin da ke ciki

Akwai laka mai kwanciya a gindin tukunya: yashi, tabo, tsatsa, da farin gari da ke fita daga ruwa idan ya tafasa. Ruwan kogi da na hanyoyin ban ruwa, irin waɗanda ke tasowa daga dam ɗin Tiga, shi ya fi kawo ta, musamman da damina.

Akwai ɓawo, wanda ke liƙe wa bututu da bangon murhu tamkar ƙanzo a gindin tukunyar tuwo. Asalinsa kalsiyam da magnesiyam ne da ke narke a ruwa, ido ba ya ganinsu. Sukari da gishirin miya sun fi narkewa a ruwan zafi, amma kalsiyam kabonet da kalsiyam salfet akasin haka suke: ruwa na ƙara zafi, suna ƙara fita daga cikinsa, kuma a kan ƙarfen da ya fi ko'ina zafi suke sauka. Ruwan burtsatse mai garai-garai zai iya fin ruwan kogi kawo ɓawo, balle a ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta Kalambaina a Sakkwato.

Sai gishirin da ya rage a narke, wanda ke ƙara kauri kullum har ruwan ya riƙa kumfa, kumfar ta bi tururi ta shiga bututu ta isa kan shinkafa.

Ɓawo shi ne mafi sharri, saboda yana tare zafi. Ƙarfen murhu yana jure wuta ne don ruwan da ke bayansa yana kwashe zafin nan take. Idan ɓawo ya shiga tsakani, ƙarfen zai yi zafin da ya wuce ƙarfinsa, ya yi laushi, matsi ya kumbura shi ko ya tsaga shi. Tun kafin a kai nan ma aljihu ya fara ji. Alƙaluman Ma'aikatar Makamashi ta Amurka sun nuna ɓawon da kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba, wajen 0.8, yana jawo asarar kusan kashi 2 cikin 100 na makamashi, idan kuma mai silika (sinadarin yashi) da ƙarfe ne asarar takan kai kashi 7.

Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Tukunyar da ke kai matsin aiki cikin awa ɗaya ta koma awa ɗaya da rabi. Ɓuntun da ke isar yini ya daina isa. Ruwan cikin gilashin da ke nuna matsayin ruwan tukunya yana tsalle ko ya yi duhu. Bawul ɗin ƙasa, in an buɗe shi, yana fitar da ruwa da kyar. Mafi amintacciyar alama ita ce zafin hayaƙi: sanya ma'aunin zafi a gindin bututun hayaƙi, ka rubuta abin da ya nuna a makon farko bayan wanki. Duk ƙarin digiri 22 na Celsius a kan wannan adadi, a aiki iri ɗaya, asarar kusan kashi 1 cikin 100 ne na abin da kake ƙonawa.

Aikin kullum: busa laka

Wannan shi ne abin da ma'aikata ke kira bulodan, wato buɗe bawul ɗin gindi don matsin tukunya ya furzo laka waje. Kafin ka taɓa shi, dubi inda bututun ke zubarwa. A matsin ba 10 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), zafin ruwan ciki digiri 184 ne, kuma da ya fito sarari kusan kashi 16 cikin 100 nasa yake rikiɗewa tururi nan take. Lita ɗaya ta ruwa tana zama fiye da lita 1,600 ta tururi. Saboda haka bututun ya zama na ƙarfe, a ɗaure shi tamau a ƙasa, ya ƙare a cikin tanki ko rami mai murfi da mafitar tururi ta sama. Ba a sakinsa a buɗaɗɗiyar kwata inda yara da mata masu shanya shinkafa ke wucewa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da safe, bayan tukunya ta kwana laka ta kwanta, matsi ya ɗan tashi, ba a kuma buɗe wa tankunan shinkafa tururi ba tukuna. A tsakiyar aiki ruwa yana juyawa da ƙarfi, lakar tana yawo, sai ka zubar da ruwan zafi da yawa ka fitar da laka kaɗan.

1. Fara da gilashin ruwa, domin shi ne idonka. Rufe bawul ɗinsa na sama, buɗe na zubarwa, ka ga ruwa ya fito da ƙarfi. Rufe na ƙasa, buɗe na sama, ka ga tururi ya fito. Rufe na zubarwa, buɗe na ƙasa. Ruwa ya dawo matsayinsa nan da nan. In ya dawo a hankali, laka ta fara toshe hanyar, kuma gilashin da hanyarsa ta toshe zai nuna maka ruwa alhali tukunya ta ƙafe.
2. Ƙara ruwa har ya ɗan haura rabin gilashi.
3. Rage wuta. A murhun ɓuntu ko itace, tsayar da zuba makamashi ka kashe fanka.
4. Idan bawul biyu ne a jere, buɗe na kusa da tukunya, mai saurin buɗewa, gaba ɗaya. Sannan ka buɗe na waje, mai murɗawa, kaɗan-kaɗan don bututu ya ɗumama, sa'an nan ka sake shi duka.
5. Bar shi daƙiƙa biyar zuwa goma, ka rufe na waje, ka jira kamar minti ɗaya, ka maimaita sau biyu ko uku. A daƙiƙoƙin farko ne laka ke fita. Bayan nan ruwa ya riga ya huda wa kansa hanya a cikinta, sai shi kaɗai ke wucewa. Jiran da ka yi shi ke ba lakar gefe damar gangarowa bakin bututu.
6. Rufe na waje da farko, sannan na kusa da tukunya. Bayan ɗan lokaci ka kai hannu kusa da bututun zubarwa. In har yanzu yana da zafi sosai, bawul yana yoyo.

Muddin bawul yana buɗe, hannunka ba ya barin kansa, idonka ba ya barin gilashi. In daga wurin ba a hango gilashin, a sami mutum na biyu ya tsaya. Ko waya ce ta yi ƙara, ko mai gida ne ya kira, a rufe tukuna. Sau ɗaya a kowane zubin aiki shi ne mafi ƙaranci, mai shan ruwan kogi da damina kuwa ya ƙara.

Idan boilarka irin mai ruwa a cikin bututu ce, wuta a waje, kada ka busa bututan da ke bangon murhu alhali wuta na ci. Hakan yana katse zagayen ruwa, bututu ya ƙone cikin ɗan lokaci. Kuma duk ranar da ruwa ya ɓace daga gilashi ba ka san inda ya tsaya ba, kashe wuta, kada ka zuba ruwa. Ruwan sanyi a kan jan ƙarfe yana iya fasa tukunyar.

Shi kuwa narkakken gishiri, ƙaramin ma'aunin TDS (wato jimillar abin da ke narke a ruwa) na aljihu ya isa auna shi. Ɗebi ruwan tukunya, bar shi ya huce, ka auna. A boila mai wuta a cikin bututu ana riƙe shi ƙasa da 3,000 zuwa 3,500 ppm (ppm ɗaya kusan miligiram ɗaya ne a lita), sai dai in kamfanin da ya ƙera ta ya faɗi wani adadi. Ga yadda ake lissafin ruwan da za a zubar: ninka TDS na ruwan shiga da yawan tururi a awa, ka raba da bambancin da ke tsakanin iyakar da ka zaɓa da TDS na ruwan shiga. Da ruwa mai 250, iyaka 2,500, tururi kilo 1,000 a awa, za ka raba 250,000 da 2,250, ka sami kilo 111 a kowace awa. In tukunya tana da bawul ɗin zubarwa na sama, kusa da fuskar ruwa, ta nan ya fi kyau a fitar da wannan kaso a hankali.

Babban wanki: kashewa da buɗewa

Komai kulawa, sai an buɗe tukunya an wanke ta. Mai ruwa marar magani ya buɗe duk wata uku, ya ga abin da ya taru, daga nan ya san ko zai matso da lokacin ko ya nisanta shi. Kwana biyu ko uku kafin ranar, a ninka yawan busa laka.

Ranar kashewa, tsayar da makamashi, bar wuta ta mutu da kanta, rufe babban bawul ɗin tururi, ka riƙe ruwa a matsayinsa. Idan matsi ya sauko kusan ba 1, buɗe bawul ɗin iska na sama, don tururin da ke hucewa kada ya bar tukunya da zuƙa a ciki. Daga nan sai haƙuri. A nan ne mafi yawan masu gaggawa ke ɓata aikin: su zubar da ruwa tun tukunya na da zafi don su yi saurin shiga. Zafin ƙarfe da na tubalin murhu sai ya gasa lakar da ta rage, abin da tiyo zai wanke cikin awa ɗaya ya koma dutse. Wasu kuma su ɗura ruwan sanyi don ta yi saurin hucewa, ƙarfe ya takure ba daidai ba, bakin bututu ya saki. Jira har sai ka iya ɗora tafin hannu a jikin tukunya ka bar shi, tubalin murhu ma ya huce. Yakan ɗauki dare da yini.

Kafin kowa ya kwance ƙusa ɗaya, a kashe wutar famfon ruwa da ta fanka, a sa kwaɗo, mabuɗin ya zauna a aljihun wanda zai shiga. Idan akwai wata boila da suke tarayya a bututun tururi ko na zubar da laka, a raba su da farantin ƙarfe ko a cire guntun bututu. Rufe bawul kaɗai bai isa a dogara da shi ba alhali mutum yana ciki.

Zubar da ruwa, bawul ɗin iska na buɗe. Sassauta ƙusoshin ƙofar sama ba tare da ka cire su ba, ka bubbuga murfin har ya saki, ka tabbata babu sauran matsi ko zuƙa, sannan ka cire. Ta sama ake fara buɗewa, ta ƙasa daga baya. Kada ka tafi cin abinci a wannan gaɓa. Tun lakar tana danshi ka sa tiyo mai ƙarfi, daga sama zuwa ƙasa, tsakanin layukan bututu, kan murhu, da lungunan da ke nesa da bakin zubarwa. A jawo lakar ta ƙofofin ƙasa da ƙaramar fartanya, kada a tura ta cikin bututun zubarwa ta toshe shi. A kwance bututan gilashin ruwa, na agogon matsi, da na na'urar kashe wuta in ruwa ya yi ƙasa, a zura musu waya, a wanke.

Wanda zai shiga ciki sai iska ta ratsa tukunya sosai, da fanka in akwai. Fitilarsa ta zama tocila mai batir, ba ƙwan lantarki mai jan waya ba. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, ba shi da wani aiki sai kallonsa. A ƙirga kayan aikin da suka shiga, a ƙirga su in sun fito.

Gane irin ɓawon kafin ka zaɓi magani

Ɓamɓaro ɗan guntu daga kan murhu, ka auna kaurinsa, ka jefa shi a kofin gilashi, ka matsa masa lemon tsami ko ka ɗiga masa asid mai rauni. In ya yi ta kumfa yana shuuu, kabonet ne, kuma shi ne mai sauƙin narkewa. In ya yi shiru, fari ko ruwan toka, mai tauri, salfet ne. In siriri ne mai santsi da ƙyalli, wuƙa na zamewa a kansa, silika ce. Ja ko baƙi wanda maganaɗisu ke ɗauka, tsatsar ƙarfe ce. In ka murza shi ka ji maiƙo a yatsa, mai ya shiga ruwanka, sai an nemo ta inda ya shiga, sannan a dafa tukunya da soda-ash kafin komai, domin asid ba ya ratsa maiƙo.

Ɓawo mai taushi, wanda hannu ke iya kaiwa, makankari da buroshin waya sun ishe shi, ko injin feshin ruwa mai matsi irin na masu wankin mota. Makankarin ya zama mai dakusasshen baki. Kada a sari bututu da cizal mai kaifi, kada a daki layin walda ko bakin bututu da guduma. Kowane sara da ya bar shaida a ƙarfe, daga nan tsatsa da tsagewa ke somawa. Kuma kada a ɗumama busasshiyar tukunya da wuta wai don ɓawo ya fashe ya zube.

Wanki da asid

Tsakanin bututan boila akwai wuraren da hannu ba ya kaiwa, a nan asid ke shigowa. A ganina, ƙaramar boila mai ɓawon kabonet a yi mata da asid salfamik, wanda gari ne, ba ya tashin hayaƙi, ya fi sauƙin ɗauka da aunawa. Asid haidirokulorik ya fi ƙarfi da arha, amma aikin ƙwararru ne, kuma ba a kusantar da shi ga ƙarfe marar tsatsa, ko alminiyam, ko bututu mai rufin zinki. Ko wanne ka saya, ka tabbata an haɗa shi da maganin da ke hana shi cin ƙarfe, wanda ake kira inhibita. Asid tsura ba ya bambance ɓawo da bututu.

Ruwan batir kuwa kada ya shiga tukunyarka ko da kyauta aka ba ka. Asid salfurik ne, in ya haɗu da kalsiyam sai ya haifar da kalsiyam salfet, ɓawon da ya fi na farko wuyar fita.

Yi lissafi kafin saye. Kilo ɗaya na ɓawon kabonet yana cin kusan kilo biyu na salfamik, ko kilo biyu da ɗan ɗori na haidirokulorik irin na kasuwa mai ƙarfin kashi 30 zuwa 33. Tukunya mai faɗin wurin ɗumama murabba'in mita 50, da ɓawo milimita 2, tana ɗauke da wajen kilo 200 ko fiye. Ka ga jarka biyu ba za ta yi komai ba, kuma duk abin da ka kankare da hannu tun farko ragin kuɗin asid ne.

1. Cire bawul ɗin kariya (mai sakin tururi in matsi ya wuce kima), gilashin ruwa, agogon matsi, toshiyar nan mai narkewa da ke kan murhu, da duk kayan tagulla. Toshe gurabensu, ka raba tukunya da bututun tururi.
2. Bar ƙofar sama ko babbar mafita a buɗe zuwa sarari. Kowane kilo na ɓawo yana sakin kusan lita 240 ta iskar kabon dayoksaid, asid kuma in ya taɓa ƙarfe yana sakin haidirojin mai kamawa da wuta. Babu sigari, babu walda, babu ko garwashi a murhu.
3. Ajiye tankin roba a gefe da famfo mai jure asid. Ruwa ya shiga ta gindin tukunya, ya fito ta sama, ya dawo tanki. Gwada zagayen da ruwa zalla tukuna, ka gyara duk inda ke yoyo.
4. Cika da ruwa mai ɗumi, digiri 50 zuwa 60, wanda aka ɗumama a waje. Ba a hura wuta ƙarƙashin tukunyar da ke da asid.
5. Zuba asid a cikin ruwan tanki kaɗan-kaɗan har ƙarfinsa ya kai kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Asid ake zubawa a ruwa, ba a zuba ruwa a asid. Mai zubawa ya sa tabarau mai rufe gefen ido, doguwar safar roba, takalmin roba da takunkumi, ga bokitin ruwa mai tsabta kusa da shi. In kumfa ta taso, dakata har ta kwanta.
6. Rataya abu biyu a cikin tankin da zaren roba: guntun ɓawon da ka ɓamɓaro, da gogaggen guntun ƙarfe. Ɓawon zai nuna maka yadda aiki ke tafiya a inda ido ba ya gani. Ƙarfen kuma in ya fara tsattsafo da ƙananan kumfa yana yin kaushi, inhibita ya gaza, a tsayar a zubar.
7. Duk rabin awa ka gwada da takardar pH, mai nuna ƙarfin asid. In adadin ya hau, asid ya ƙare, a ƙara. In ya tsaya wuri ɗaya har awa guda, kumfa ta daina, aiki ya kammala. Yawanci awa huɗu zuwa takwas ne. Ba a barin asid ya kwana a tukunya.
8. Zubar da shi a rami ko tanki, a kashe kaifinsa da farar ƙasa ko soda-ash har pH ya kai tsakanin 6 da 9. Ba a sakinsa a hanyar ruwan da ke zuwa gona ko inda dabbobi ke sha.
9. Ɗauraye sau biyu ko uku, ka buɗe ƙofofin ƙasa ka kwashe ɓaraguzan da suka zubo. Mayar da kayan da ka cire, cika da ruwa mai soda-ash kashi 1 cikin 100, ka ɗumama da ƙaramar wuta na 'yan awanni, bawul ɗin iska na buɗe. Bar shi ya huce, zubar, ɗauraye. Wannan mataki a yi shi a ranar, domin ƙarfen da asid ya wanke yana yin ja da tsatsa cikin awanni.

Ɓawon salfet sai an fara dafa shi da soda-ash na tsawon awanni, ya juye ya zama kabonet, sannan asid ya ci shi. Na silika yana buƙatar sinadari mai fuloraid, wanda ke ratsa fata ya yi mummunar illa. Wannan a kira masu sana'ar.

Mai tsohuwar boila ya shirya zuciyarsa: wani lokaci bayan wanki sai yoyo ya bayyana a inda babu shi a da. Galibi ramin ya daɗe, ɓawo ne ya toshe shi. Gara a gan shi tukunya na sanyi.

Ɓangaren wuta

Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntun shinkafa toka ne, tokar kuma mafi yawanta silika ce, mai kaifi, tana goge bakin bututu sannu a hankali. Itace da baƙin mai kuma kunkunniya suke bari, ita ma tana tare zafi. Buɗe ƙofofin gaba da baya, zura buroshin waya daidai faɗin bututu, ka ratsa kowanne daga farko har ƙarshe, ka kwashe abin da ya zubo. Mai ƙona ɓuntu ya yi wannan duk mako. A busasshe ake yi, da takunkumi mai kyau, don ƙurar silika tana lahanta huhu. Kunkunniyar baƙin mai tana da farar wuta a ciki, in ta jiƙe asid take zama, saboda haka in dole sai an wanke da ruwa, a busar nan take.

Dubawa da sake kunnawa

Yanzu da ƙarfe ya fito fili, bi shi da tocila a karkace. Nemi kumburi a saman murhu, ƙananan ramuka a jikin bututu, tsaga a bakinsu, da zaizaya kusa da layin ruwa. Ramuka masu zurfi alama ce ta iskar oksijin a ruwan shiga. Kumburi ko tsaga ba aikin mai waldan bakin titi ba ne. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta wa mai boila ya sa sufeto mai izini ya duba ta aƙalla sau ɗaya cikin wata 14, da kuma bayan duk wani babban gyara, kuma lokacin wanki ne ya fi dacewa a gayyato shi, tunda komai a buɗe yake. Shi zai faɗi matsin da za a gwada ta da ruwa. Da ruwa ake gwaji, ba da iska ko tururi ba.

Sa sabon gasket, wato shimfiɗar hana yoyo, a kowace ƙofa, tsohon ya riga ya mutu. Cika da ruwa, hura ƙaramar wuta, bar bawul ɗin iska a buɗe har tururi ya fara fita sosai, sannan ka rufe. Ɗaga matsi a hankali cikin awanni. In ta ɗumama, ƙara ɗaure ƙusoshin ƙofofi tun matsi na ƙasa. Gwada bawul ɗin kariya da na'urar ƙarancin ruwa. A makon farko ka yawaita busa laka, domin ragowar ɓawo zai ci gaba da zubowa.

Ruwan da za ka ba ta daga yau

In ka mayar da ruwan jiya, ɓawon jiya zai dawo. Mai ɗiban ruwan kogi ya gina tankuna biyu, ɗaya na kwanciya da ɗan alam, ɗaya na sha, da matatar yashi a tsakani. Ruwan burtsatse mai barin jan tabo a bokiti yana da ƙarfe, a watsa shi cikin iska ya zubo tanki, a tace, kafin ya wuce gaba. Daga nan sai softina, tankin nan mai ƙwayoyin rezin da ke kama kalsiyam da magnesiyam. Gishiri ne abincinta, kuma softinar da aka daina ba gishiri ba ta tare komai, ko da ruwa na ratsa ta. A gwada ruwan da ke fitowa daga cikinta kowace safiya da maganin ɗigawa na gwajin taurin ruwa, a nemi ƙasa da 5 ppm.

Ɗumama tankin sha zuwa digiri 80 ko 85 da ɗan tururi yana korar mafi yawan oksijin, sodiyam salfait ya ƙarasa sauran. Fosfet yana mayar da ragowar kalsiyam laka mai taushi wadda bulodan ke fitarwa, shi ya sa mai zuba fosfet dole ya ƙara himmar busawa. A riƙe pH na ruwan tukunya tsakanin 10.5 da 12. Kanwa tana da sinadarin soda mai ɗaga pH, amma tana tafe da yashi da gishiri, ƙarfinta kuma ba ya zama ɗaya daga buhu zuwa buhu, don haka soda-ash da aka auna ya fi ta. Tunda tururin yana taɓa abincin mutane, duk maganin da za a saya a tambayi mai sayarwa takardar da ta nuna ya halatta a masana'antar abinci. Haidirazin, wani maganin korar oksijin, ba ya cikin waɗanda suka halatta.

Idan kakar aiki ta wuce za a ajiye boila fiye da wata ɗaya, a wanke ta, a busar da ita sarai, a sa tiren gasasshiyar farar ƙasa ko silika-jel a ciki, a rufe ƙofofi ruf, a riƙa duba tiren duk wata ana sauyawa. In hutun na 'yan makonni ne, a cika ta maƙil har bakin bawul ɗin iska da ruwa mai salfait. Abin da ba a yi shi ne barin ta da rabin ruwa, domin daidai layin da ruwa ya haɗu da iska tsatsa ke huda ƙarfe.